Makka Ta Karɓi Yaya Tumba

Ranar da muka sauka Jidda, mutumin da ya kawo mu ya karɓe fasfunanmu a bakin filin jirgi, ya ce zai je a buga musu hatimi, mu jira shi a inuwa. Ɗan Gummi ne, ya san gidanmu a Zugu, ya sha furar Inna ba sau ɗaya ba. Har yau da nake wannan rubutu bai dawo da hatimin ba. In yana raye, ya ji da kyau: ni Kulu ban yafe ba.

Mu biyu ne, ni da yayata Tumba. Ba a daɗe da mayar da mulki hannun farar hula ba. Ita mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, ni kuma aurena ya mutu karo na biyu, kuma duk wanda aka tambaya a Zugu zai ce bakina ne ya kashe shi. Ban musa ba. Muka bar yaran wajen Inna muka ce Umara za mu, alhali kowa ya san aikatau ne ya fito da mu. Inna ba ta so tafiyar ba. Da ta ga babu makawa sai ta ɗaura wa Yaya jar kanwa a tsumma, ta ce ruwan baƙon wuri yana ɓata ciki.

Inuwar da aka ce mu jira a ciki ta gushe, rana ta dawo kanmu. Yaya tana ta cewa zai zo, ni ina zaginsa da uwarsa da ubansa. Zagin nan ne ya cece mu. Wata tsohuwa mai sayar da ruwan sanyi ta tsaya tana saurare, sannan ta ce, "Wanga zagi ba na Kano ba ne. Ku ɗiyan ina ne?"

Na ce mata Zugu, ƙasar Bukkuyum.

"Ni Anka anka haihe ni. Ku tashi, wanda kuke jira ya riga ya ci abincin rana a wani gari."

Sunanta Gwaggo Ige. Ita ta kai mu Karantina, unguwar da takari suka cika, wato irinmu baƙaƙen fata da suka zo suka zauna babu takardar zama. Ta ba mu gefen tabarma a ɗakin da mata ke kwana kamar an jera itace. Ita ta kai mu muka yi Umararmu, ta koya mana yadda ake gane motar askarawa, 'yan sandan ƙasar, tun daga nesa, da lungun da ake shiga in an hango ta.

Ni aka samar wa aikatau a gidan wasu Larabawa, can wani gefen gari. Shara, wanki, goge tayil, hawa bene da sauka. Uwar gidan ba ta taɓa kiran sunana daidai ba, ni ma ban taɓa kiran nata ba. Sai an ga dama ake bari na je Karantina na kwana. Abin da ya fi ci mini rai a gidan nan ba aikin ba ne, rashin jin Hausa ne. Nakan shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi wa kaina faɗa da harshenmu, don kawai kunnena ya ji.

Yaya kuwa tsoron kamu ya hana ta fita ko nan da can. Sai ta kafa murhu a tsakar gidan tana tuwo da miyar kuka, takari na zuwa saye. Hannunta na da daɗi, kuma ba ta rowar gishiri da dunƙule. Daga asuba har magariba tana kan kujera 'yar tsugunno. Matan da ke aikatau kuma suna kawo mata ragowar gidajen Larabawa, shinkafa mai maiƙo da kitsen rago da fatar kaza. Matar da a Zugu take tafiya gona a ƙasa ta dawo da dami a ka, ta koma tafiyarta mafi nisa ita ce daga murhu zuwa famfo. In kanta ya yi ciwo, kuma yana yawan yi, sai ta jiƙa kanwar Inna ta sha. Da ta Inna ta ƙare, ta sami mai kawo mata wata.

Da yake ba kullum nake ganinta ba, ni na fi kowa lura da yadda take cika. Yaya da aka sani siririya, wadda takaba ta mayar kamar sillen kara, sai ga kumatu, sai ga wuya, sai ga awarwaro ya daina motsi a hannu. Na yi murna. Kowa ya yi murna. Gwaggo Ige ta ce kada a yi asarar wannan jiki, a je a ɗauki hoto.

Muka je wajen wani mai hoto da ya zana Ka'aba a bangon shagonsa. Yaya ta ari leshi, ta zauna a kujera mai hannu, ta miƙe ƙafafu cikin silifa mai dutse. Ni na tsaya a bayanta. Muka ba wani mai komawa gida ya kai.

Amsa ta zo a kaset, don a lokacin haka ake yi. Muka ari rediyo, mata suka kewaye mu. Muryar Inna ta fito. Ta gaishe mu, ta ce yara lafiya, gero ya yi kyau. Sannan ta ce, "Tumba, na ga hoto. Alhamdu lillahi, Makka ta karɓe ki. Tun da kunka tahi ban yi barcin kirki ba sai da na ga wanga hoto. Na rataye shi inda duk mai shigowa zai gani. Ke kuwa Kulu, kin bushe kamar ƙwarangwal. Baƙin rai ne, ki rage."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da ni. A wajen mutanenmu, Jidda da Madina duk Makka ne, kuma in aka ce wuri ya karɓi mutum, to ya yi ƙiba ke nan, hankalinsa ya kwanta. Yaya ta sa aka maimaita wurin nan har sai da mai rediyon ta ce batirinta.

Cikin shekara ta biyu na fara ganin abin da bai yi mini ba. In ta tuƙa tuwo sai ta tsaya tana haki kamar ta yi gudu. Ta daina kwanciya a miƙe, sai ta jingina da buhun shinkafa, wai in ta kwanta ana danne mata ƙirji. Silifar hoton ta daina shigarta. Matan ɗaki suka ce hutu ne, wasu suka ce baki ne ya kama ta saboda kyan da ta yi, aka kawo rubutu.

Akwai wani ɗan asibitin sadaka a bayan kasuwa inda ba a tambayar takarda. Takari na gudunsa, don an ce likitar wurin tana yawan tambaya, tana auna ƙugu da dantse, kuma duk wanda aka auna askarawa za a miƙa wa. Na ce ko Fir'auna ne a ciki sai mun je. Yaya ta ƙi. Na ɗauke tukunyar tuwonta na zauna a kai, na ce yau babu mai cin tuwo a Karantina sai ta tashi.

"Ke dai Kulu ba ki da mutunci," in ji ta, tana neman mayafi.

"Awo. Sa takalmi."

Likitar 'yar Sudan ce, ana ce mata Daktora. Da ta buɗe baki sai muka ji Hausa, wata irin tsohuwar Hausa kamar ta kakarmu. Ta ce kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙasa za su aikin Hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Ta ce gaskiya ne tana yawan tambaya, bincike take yi a kan abin da ke sa matan takari hawan jini da ciwon zuciya tun ba su tsufa ba, kuma babu sunan wanda take kai wa kowa.

Ta ɗaura wa Yaya abin awo a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Ta kasa kunne a ƙirjinta da bayanta. Sannan ta fara: gishiri fa? Dunƙule nawa a tukunya? Kitse? Tana tafiya ko tana zaune? Haihuwa nawa, kuma ta sha kunun kanwa a jego?

Yaya ta ce, "Wace mace ce ba ta sha ba?"

"Yanzu fa, kina shan kanwa?"

"In kai ya matsa."

"Iyayenku suna raye?"

Na ce Inna na nan, Baba kuwa faɗuwa ya yi a gona yana huɗa, aka ce iska ce ta buge shi. Ta tambaya ko yana ciwon kai kafin nan. Na ce kullum, har ya saba ɗaure kai da rawani tamau. Ta ce me yake sha. Na buɗe baki zan ce kanwa, sai na juya na dubi Yaya.

Daktora ta durƙusa ta ɗage zanen Yaya zuwa gwiwa. Ta ce, "Kulu, zo. Sa babban yatsanki nan a ƙwaurinta, ki danna, ki ɗan riƙe. To, ɗaga."

Na ɗaga. Ramin yatsana ya zauna a ƙafar yayata kamar na danna tuwo mai sanyi.

"Yanzu danna naki."

Na danna nawa, fatar ta dawo nan take.

Ta ce, "Ƙiba ba ta riƙe yatsa. Ruwa ne ke riƙewa. Da farko ƙibar gaske ta yi, amma abin da kuke gani yanzu ruwa ne." Ta ce zuciya kamar mai jan guga ce a rijiya. Hawan jini yana ƙara wa gugan nauyi shekara da shekaru, gishiri da kanwa suna ƙara masa, har mai jan ta gaji. In ta gaji, ruwa sai ya taru a ƙafa, ya hau ciki, ya kai huhu.

Yaya ta dubi ramin da har lokacin bai cike ba, ta ce, "Ashe ni randa ce."

Daktora ba ta yi dariya ba. Ta ce kamata ya yi a kwantar da ita a babban asibiti. Muka ce ba mu da takarda. Ta ce ta sani. Ta ba da ƙwayoyi kyauta, na hawan jini da na fitar da ruwa, ta ce a bar kanwa har abada, a rage gishiri, a riƙa zagaya tsakar gida ko kaɗan ne. Ta nuna mini rubutun jikin kwalin, na ce ban iya ba. Sai ta zana mini rana a jikin ɗaya, ta zana wata a jikin ɗayan. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, mace da girmana ana yi mini zane.

Maganin ya yi aiki. Yaya ta yi ta fitsari har matan ɗaki suna tsokanarta ta koma da tabarmarta bakin banɗaki. Numfashi ya dawo, ta kwanta a miƙe, awarwaro ya fara kaɗawa. Amma kumatun suka zube, wuya ya fito, ƙashin kafaɗa ya bayyana. Masu sayen tuwo suka fara cewa miya ta yi lami, mai miyar ma ta yi lami. Wata ta ce a gabana, "Wanga magani shan ta yake yi." Na ce mata in ta sake faɗa zan nuna mata abin da ke shan mutum.

Ana haka wani kaset ya zo. Inna ta ce maƙwabcinmu Baba Ɗanjuma da matarsa sun sami kujerar Hajji, kuma ta roƙe su su nemo mu, su gano mata Tumba da idonsu. Na ga Yaya ta shafa wuyanta, amma ban kawo komai a raina ba.

Lokacin aikin Hajji gidan da nake ya cika da baƙi, uwar gida ta sa makulli ta ce babu fita. Na yi faɗa, na yi kuka, na fasa faranti da gangan, duk a banza. Sai bayan Sallah da kwanaki aka buɗe mini ƙofa.

Da hantsi na isa Karantina. Murhu a kashe. Na tarar da Yaya a ɗaki jingine da buhu, fuska ta cika har idanu sun shige, ƙafafu kamar turmi, leɓɓanta sun yi duhu. Tana jan numfashi ana jin ƙara kamar ruwa na tafasa a nesa. Ta sa leshin aro, ta sa kwalli.

Ta ce, "Sun zo, Kulu. Sun gan ni." Ta huta. "Sun ce na hi hoton."

"Ina maganin?"

Ta nuna saman taga da ido. Kwalayen na nan, mai rana da mai wata, kusan a cike. A gefensu kofi ne da sauran jiƙon kanwa.

Abin da na faɗa mata a ranar ba zan rubuta ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "In sun tahi sun ce na rame, Inna ta bar barci. Ga ɗiyana a hannunta. Na ce in sun wuce sai in koma ma maganin."

"To sun wuce."

"Na sha jiya. Bai yi ba."

Asibitin sadaka a rufe yake saboda hutun Sallah. Gwaggo Ige ta riƙe mini hannu ta ce in na kai ta babban asibiti, daga can sai jirgi, mu duka biyu. Na ce a kai ni da jirgin ƙasa ma. Na fita titi da rana tsaka, ni da na saba bin lungu, na tsaya a tsakiya ina ɗaga hannu. Masu tasi suna ganin baƙar mace sai su ƙara wuta. Wani ɗan Yaman mai shagon burodi, wanda ban taɓa ko gaisawa da shi ba, ya rufe shagonsa ya fito da motar da yake kai burodi. Shi da mata huɗu suka ɗauko ta a bargo. Har muka isa yana ta karanta addu'a, bai karɓi ko godiya ba.

A asibitin ba su tsaya tambaya ba, suka shige da ita, suka sa mata abin numfashi. Ni aka tambaya takardar zama. Da na ce babu, aka kira askari. Dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dube ni, ya leƙa ya dubi gadon, ya jawo kujera ya ajiye mini kusa da ita, shi kuma ya koma bakin ƙofa ya zauna. A nan ya bar ni har washegari.

Washegarin da la'asar Yaya ta cire abin hancin ta ce na matso.

"Kar ki gaya ma Inna. Ki bar ta da hotonta."

"Yaya, ni kike ce ma in yi shiru?"

"Ke. Sau ɗaya a rayuwarki."

Na ce na ɗauki alkawari. Ta yi kalmar shahada, na taya ta. Kafin magariba, Yaya ta cika.

Ban ga inda aka binne ta ba. Daga asibiti aka wuce da ni gidan da ake tara waɗanda za a mayar, daga nan jirgi, daga Kano mota. Na shiga Zugu a bayan mashin da leda ɗaya a hannu, a cikinta awarwaronta ne da aka yanke kafin a iya cirewa.

Mutane suka cika gida gaisuwa. Baba Ɗanjuma yana ta rantsuwa ya gan ta da idonsa, jiki kamar matar gwamna, ajali ne kawai. Inna na zaune ƙarƙashin hoton tana cewa, "Ko ba komi ta huta kahin ta tahi." Ni ina gefe ina cizon harshe har yana jini.

Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bukkuyum, na zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, don kada a sake zana mini rana da wata. Da na iya karatu aka ɗauke ni taimako a ɗakin shan magani, aka koya mini awon jini. Ranar kasuwa nakan tare mata na ɗaura musu abin awo ko suna so ko ba sa so, na yi musu faɗan gishiri da kanwa. Suna kirana Kulu Danna, don ba na gaisawa da mace mai jiki ban duba ƙafarta ba. Duk ƙasar nan na yi wa magana, ban da mutum ɗaya.

Shekaru suka wuce, Hure, babbar 'yar Yaya, ta yi aure ta zo gida haihuwar fari. Ina Bukkuyum, ban sami zuwa ba sai da ta yi nisa da wankan jego. Na tarar da ita zaune a ɗakin Inna jingine da bango, ƙwaryar kunun kanwa a gabanta, fuska ta cika, tana shayar da jariri tana haki.

Inna ta ce, "Kin gani? Jikin uwatta ta ɗauko. Jego ya karɓe ta."

Na durƙusa na ɗage zanen yarinyar, na sa yatsa a ƙwaurinta, na riƙe, na ɗaga. Ramin ya zauna. Inna ta sunkuyo ta dube shi.

"Mi ke nan?"

"Ruwa ne, Inna. Zuciyarta ce ta gaji. In anka kai ta yau, ana iya tarewa."

Inna ta sake duban ramin. Sannan ta miƙa hannu ta janye ƙwaryar kunun zuwa bayanta, ta ce, "Kira mai mashin."

Aka kwantar da Hure, Allah ya sa da sauran kwana, ta tashi. Ranar da na dawo Zugu ɗaukar mata kaya, na shiga ɗakin Inna ba ta ji sallamata ba. Ta sauko da hoton daga bango ta ɗora a cinya. Babban yatsanta na kan gilashin, daidai ƙafar Yaya cikin silifa mai dutse. Tana dannawa, tana ɗagawa, tana kai ido kusa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Kulu. Ita ma ya zauna?"

Na tsaya a bakin ƙofa da kayan jariri a hannu.

Na ce, "Inna, Makka ta karɓe ta."

Ta gyaɗa kai. Ta goge gilashin da bakin zanenta, ta miƙo mini na mayar a ƙusa.